Awon Hali da Alƙaluma: Sharuɗɗan da Takardar Tambayoyi Za Ta Cika Kafin Ta Yanke Wa Mutum Hukunci

Takardun tambayoyi na auna hali, wato jerin jumlolin da ake miƙa wa mutum ya faɗi gwargwadon yadda kowace ta yi daidai da shi domin a tara masa maki a kan ɗabi'unsa, sun daɗe da barin ɗakunan binciken jami'o'i, sun shiga harkokin da suka shafi abincin mutane da mutuncinsu. Kamfanoni da bankuna suna tace masu neman aiki da su, asibitocin masu taɓin hankali suna dogara da su wajen gane cuta, rundunonin soja da na 'yan sanda a ƙasashe da dama suna duba su kafin su danƙa wa mutum makami, kuma duk mai riƙe da wayar hannu yana iya cin karo da wadda za ta yi masa alkawarin bayyana masa ko shi wane ne cikin 'yan mintuna. Da yake abin da ke fitowa daga ƙarshe lamba ce, mutane sukan karɓe ta ba tare da musu ba, alhali kuwa ƙarfin lambar bai wuce ƙarfin hujjojin ƙididdigar da aka gina ta a kansu ba. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa babu takardar da ta cancanci a yanke wa ɗan Adam hukunci da ita sai wadda ta haye gwaje-gwajen ilimin ƙididdiga, kuma hayewar da ta yi a wata ƙasa da wani harshe ba ta ɗauke mata sake jarrabuwa a inda aka kai ta.

Tarihin wannan fanni yana nuna cewa matsi ne ya haife shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da rundunar sojan Amurka ta ga yadda firgitar fagen daga ke karya sojoji, kuma ba ta da likitocin da za su zauna da kowane kurtu ɗaya bayan ɗaya, sai masanin halayyar ɗan Adam Robert Woodworth ya tsara takarda mai tambayoyi 116 waɗanda ake amsawa da i ko a'a, kuma duk da cewa yaƙin ya ƙare kafin a ci moriyarta sosai, ita ce ake ɗauka a matsayin uwar irin waɗannan takardu. Tun kafin nan, a shekarar 1884, Francis Galton na Ingila ya kawo shawarar cewa duk wani bambancin hali da ya dami al'umma za a tarar ta yi masa suna a harshenta, saboda haka ƙamus shi ne wurin da ya kamata a fara nema. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Turanci shafi bayan shafi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su, kuma suka ware wajen 4,500 daga ciki a matsayin sunayen ɗabi'u masu ɗorewa. Daga nan ne aka fuskanci tambayar da har yau ita ce ƙashin bayan fannin, wato yadda za a rage dubban siffofi zuwa 'yan kaɗan da za a iya aunawa ba tare da son ran mai bincike ya zama alƙali ba.

Kayan aiki na farko da ya ba da damar amsa wannan tambaya shi ne ma'aunin dangantaka, wanda Karl Pearson ya daidaita lissafinsa a shekarun 1890. Lamba ce da ke tsakanin 1 da kishiyarsa -1, kuma tana nuna gwargwadon yadda abubuwa biyu ke hawa da sauka tare: idan ta kusanci 1, to wanda ya samu maki mai yawa a ɗaya yakan samu a ɗayan, idan ta kusanci -1, hawan ɗaya yana tafe da saukar ɗayan, idan kuwa ta tsaya kusa da sifiri, sanin ɗaya ba ya ƙara wa mutum sanin komai game da ɗayan. A kan wannan ma'auni Charles Spearman ya gina, a 1904, dabarar da za a iya kira nazarin ginshiƙai, wadda Louis Thurstone ya faɗaɗa daga baya. Ma'anarta za ta fito da misali. A ce an ba mutum ɗari biyar jumloli shida: ina biyan bashi a kan lokaci, ina kammala aikin da na fara, ina adana kayana a tsare, ina jin daɗin taro mai yawan jama'a, ni ke fara yi wa baƙo magana, zaman kaɗaici yana gundurata. Idan aka lissafa dangantakar kowace jumla da 'yan'uwanta, za a ga ukun farko sun dunƙule wuri ɗaya, ukun ƙarshe ma sun dunƙule, amma tsakanin rukunonin biyu babu wata alaƙa mai ƙarfi. Nazarin ginshiƙai shi ne lissafin da ke gano irin waɗannan dunƙule-dunƙule a cikin ɗaruruwan tambayoyi, yana ɗaukar cewa akwai wani abu ɓoyayye guda, wato ginshiƙi, da ke sa amsoshin kowane rukuni su tafi tare.

Da wannan dabara Raymond Cattell ya rage jerin Allport da Odbert har ya fitar da takardarsa mai ginshiƙai 16 a 1949. Ernest Tupes da Raymond Christal, waɗanda ke yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, sun sake nazarin irin waɗannan bayanai a 1961 suka ga ginshiƙai biyar ne kawai ke maimaituwa, kuma su ne Lewis Goldberg ya raɗa wa suna Manyan Biyar a 1981: son cuɗanya da jama'a, sauƙin kai da tausayi, kula da aiki da riƙon alkawari, saurin shiga damuwa, da kuma buɗaɗɗen tunani ga sabon abu. Paul Costa da Robert McCrae sun gina takardar NEO a kansu, wadda bugunta na 1992 ke da tambayoyi 240. Sai dai Hans Eysenck ya tsaya a kan cewa ginshiƙai uku sun isa, yayin da Michael Ashton da Kibeom Lee, bayan sun duba binciken da aka yi a harsuna irin su Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da harshen Koriya, suka ga na shida yana fitowa, wato gaskiya da tawali'u. Wannan saɓani na 16 da 3 da 5 da 6 yana koyar da cewa lissafin ba ya yanke magana shi kaɗai, domin mai bincike ne ke zaɓen kalmomin da za a fara da su, shi ke yanke adadin ginshiƙan da za a riƙe, shi ke zaɓen yadda za a juya su don su fito fili, kuma shi ke raɗa musu suna. Duk wanda ya gabatar da sakamakon nazarin ginshiƙai tamkar wata halitta ce da aka tono daga ƙasa, ya ɓoye rabin labarin.

Akwai wata hanyar gini ta daban wadda ba ta damu da ma'anar tambaya ba sam, ita ce wadda Starke Hathaway da Charnley McKinley suka bi a Jami'ar Minesota wajen haɗa takardar MMPI da aka buga a 1943. Sun tara ɗaruruwan jumloli suka ba majinyatan da likitoci suka riga suka tabbatar da cutarsu, suka kuma ba masu lafiya, sa'annan suka riƙe duk jumlar da amsarta ta bambanta rukunonin biyu ko da kuwa babu wanda zai iya cewa ga dalili. Hanyar tana da ƙarfi, amma ta fito da matsalar da ake kira rukunin kwatance, wato mutanen da ake auna kowa da su. Makin mutum ba ya nufin komai sai an ce ya fi ko ya gaza na wasu, kuma waɗannan wasun, a takardar farko, mutum 724 ne, galibinsu 'yan'uwan majinyata da masu zuwa dubiya a asibitin jami'ar, fararen fata mazauna ƙauyuka da ƙananan garuruwan Minesota waɗanda karatunsu bai wuce shekara takwas ba a matsakaici. An shafe shekaru fiye da arba'in ana auna miliyoyin mutane da mizaninsu, sai a 1989 aka fitar da bugu na biyu da sabon rukunin kwatance na mutum 2,600 da aka zaɓo daga sassan Amurka.

Bayan an gina takarda, jarrabawar farko da ke gabanta ita ce ta tsayuwar awo, ma'ana ko tana ba da sakamako iri ɗaya idan abin da ake aunawa bai canja ba. Mudun da zai cika da hatsi kaza da safe, da yamma kuma ya ɗauki wani adadin daban, babu mai sayen da zai yarda da shi. Ana gwada wannan ta hanyar sake ba mutane takardar bayan makonni a ga dangantakar makin farko da na biyu, ana kuma gwada shi ta duba yadda tambayoyin da ke cikin ma'auni ɗaya suke jituwa da juna, abin da ake taƙaitawa da lambar alfa wadda Lee Cronbach ya gabatar a 1951. An saba ɗaukar 0.70 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a lamunta wajen bincike, kuma ana neman abin da ya fi haka nesa idan za a yanke hukunci a kan mutum guda. Amma alfa tana da rauni da masu tallar takardu ba su cika faɗa ba, domin tana hawa da yawan tambayoyi ko da jituwarsu ba ta taka kara ta karya ba. Tambayoyi 10 da matsakaicin dangantakarsu ya kai 0.20 suna ba da alfa ta wajen 0.71, alhali tambayoyi 40 da dangantakarsu ba ta wuce 0.10 ba suna ba da wajen 0.82, wato takardar da ta fi sako-sako ta fi kyan lamba saboda tsawonta kawai. Haka kuma ana iya kumbura alfa ta hanyar maimaita tambaya ɗaya da kalmomi daban-daban, wanda hakan ke ƙuntata abin da ake aunawa.

Amfanin sanin tsayuwar awo yana bayyana ne idan aka mayar da ita kuskuren awo, wato faɗin tazarar da makin mutum zai iya kaiwa da komowa a cikinta saboda gajiya, ko yanayin ranar, ko sa'ar tambayoyin da suka faɗo. A ma'aunin da matsakaicinsa 50 ne, bazuwar makinsa kuma 10, idan tsayuwar awonsa ta kai 0.80, kuskuren awon yakan kai kusan maki huɗu da rabi, kuma domin a samu natsuwa ta kashi 95 cikin ɗari sai an bar tazarar kusan maki 9 sama da 9 ƙasa. Ma'anar wannan ita ce mai neman aikin da ya samu 52 da wanda ya samu 57 ba a rarrabe su ba a ilimance, kuma ma'aikacin da ya ɗauki na biyu ya sallami na farko a kan wannan tazara ya jefa ƙuri'a ne, ko da yana zaton ya yi aiki da kimiyya. Nan ne kuma matsalar takardun da ke raba mutane gida-gida take, irin su Myers-Briggs, wadda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina a kan ra'ayoyin Carl Jung, kuma take sanya kowa a ɗaya daga cikin nau'o'i 16. Yawancin mutane suna taruwa ne a tsakiyar kowane ma'auni, don haka idan aka ja layi a tsakiyar, maki ɗaya ko biyu sun isa su tsallakar da mutum zuwa ɗaya ɓangaren, shi ya sa wasu nazarce-nazarce suka tarar cewa kusan rabin waɗanda aka sake gwadawa bayan makonni biyar sun faɗa wani nau'in daban.

Jarrabawa ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, ita ce ta inganci, wato ko takardar tana auna abin da ta yi iƙirarin aunawa. Mudun da aka lotsa wa gindi zai riƙa ba da awo iri ɗaya kullum, tsayuwar awonsa ba ta da aibi, amma kullum tauye mai saye yake yi. A 1955 Cronbach da Paul Meehl suka bayyana cewa ɗabi'a irin ta riƙon amana ba ta da wani mizani na zahiri da za a gwada takarda da shi kai tsaye, saboda haka inganci hujjoji ne da ake tarawa a hankali: makin ya dangantu da abin da hankali ya ce ya kamata ya dangantu da shi, ya kuma nisanci abin da bai shafe shi ba. Donald Campbell da Donald Fiske suka ƙara da cewa, a 1959, dole a auna ɗabi'a ɗaya ta hanyoyi fiye da ɗaya, misali abin da mutum ya faɗa game da kansa da abin da abokan zamansa suka shaida, domin idan ɗabi'u biyu mabambanta da aka auna ta hanya ɗaya suka fi jituwa a kan ɗabi'a ɗaya da aka auna ta hanyoyi biyu, to hanyar awon ce ke magana, halin mutumin yana gefe. Idan aka zo ga hasashen abin da mutum zai aikata, alƙaluman suna da tawali'u. Walter Mischel ya nuna a 1968 cewa dangantakar makin hali da aikin da mutum ya yi a wani yanayi guda ba ta cika wuce 0.30 ba, wanda ke bayyana kashi 9 cikin ɗari kacal na bambancin da ke tsakanin mutane, kuma da Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike fiye da ɗari a 1991, sun tarar kula da aiki ce ɗabi'ar da ta fi hasashen ƙwazon ma'aikaci a sana'o'i daban-daban, amma dangantakar ba ta yi nisa da 0.20 ba. Irin wannan lamba tana da amfani idan ana maganar dubban mutane, amma ba ta kai a rufe wa mutum ɗaya ƙofa da ita kaɗai ba.

Hujjar da aka fi ji daga bakin jama'a, wato cewa sakamakon ya faɗi halin mutum daidai, ita ce mafi rauni a cikin hujjoji. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 wata takardar gwaji, bayan mako guda ya miƙa wa kowanne bayanin da ya ce nasa ne na musamman, ya nemi su auna dacewarsa daga sifiri zuwa 5, matsakaicin abin da suka bayar ya kai 4.26, alhali bayani ɗaya ne ya raba wa kowa, kuma ya harhaɗa shi ne daga wani littafin duban taurari. Jumlolin da ke cewa mutum yana son a yaba masa, ko yana da baiwar da bai gama amfani da ita ba, ko wani lokaci yana shakkar shawarar da ya yanke, sun dace da kowane ɗan Adam, kuma da irinsu ne boka da ɗan duba suke cin kasuwarsu tun fil azal. Gamsuwar wanda aka gwada tana nuna gwanintar mai rubuta bayanin ne kawai.

Sai kuma matsalar mai amsawa kansa, domin takardar tana tambayar mutum ne game da kansa, kuma kowa yana son a gan shi da kyau, balle wanda ke neman aiki yana sane da amsar da ake so. Akwai kuma ɗabi'ar amincewa da duk abin da aka faɗa, inda mutum zai ce i ga jumla ya kuma ce i ga kishiyarta, saboda ladabi ko gajiya ko rashin fahimtar tambayar. Masu gina takardu suna magance wannan ta hanyar juya rabin tambayoyin, yadda amincewa da wasu za ta ƙara maki amincewa da wasu kuma ta rage, da kuma saka ma'aunin gano ƙawata kai, wato jumlolin da ke ƙunshe da ƙananan kurakuran da kusan kowa ke yi, ta yadda wanda ya musanta su duka ya tona kansa. Ko da takarda ta yi kyau, yawan abin da ake nema a cikin jama'a yana iya mayar da ita abin zalunci, kamar yadda Meehl da Albert Rosen suka yi gargaɗi a 1955. A ƙaddara masu neman aiki 1,000 ne, 50 daga cikinsu maciya amana, kuma takardar tana kama kashi 80 cikin ɗari na maciya amanar, tana kuma yin kuskuren zargin kashi 20 cikin ɗari na amintattu. Za ta kama 40 na gaskiya, ta haɗa da mutum 190 da ba su ji ba ba su gani ba, ta yadda a cikin mutum 230 da aka shafa wa baƙin fenti, fiye da kashi 80 cikin ɗari masu gaskiya ne.

Duk waɗannan matsaloli suna ninkuwa idan takarda ta ƙetare iyakar harshe da al'ada. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya buga a 2008 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin ɗari kawai na al'ummar duniya. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka fassara takardar Manyan Biyar suka gwada ta a kan mutum 632 na al'ummar Tsimane, manoma kuma mafarauta a dazukan Boliviya, sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna ginshiƙan biyar ba su fito ba, abin da ya fito ya fi kama da biyu, wato kyautata wa jama'a da himmar aiki. A 2019 Rachid Laajaj da abokansa suka duba amsoshin mutum fiye da 94,000 daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, cikinsu har da Gana da Kenya, suka tarar cewa a inda ma'aikaci ke karanta wa mutum tambayoyin baki da baki, takardun ba su auna abin da aka gina su dominsa yadda ya kamata ba, alhali a tsakanin masu amsawa ta intanet daga ƙasashen tsarin biyar ɗin ya fi fitowa. Wannan ya nuna cewa zurfin karatu, da kasancewar mai tambaya a gaban mutum, da ɗabi'ar amincewa, duk suna shiga cikin makin.

Fassara mai kyau ba ta isa ta warware wannan ba, ko da an bi hanyar da Richard Brislin ya yaɗa a 1970, inda wani ke fassarawa wani daban kuma ya mayar da fassarar harshen asali a kwatanta. Abin da ake bukata shi ne gwajin daidaiton awo tsakanin al'ummomi, wanda ake yi da nazarin ginshiƙai na tabbatarwa da Karl Jöreskog ya kafa a 1969, inda ake bin matakai uku: a ga ko tambayoyin sun dunƙule iri ɗaya a al'ummomin biyu, a ga ko kowace tambaya tana da nauyi ɗaya a ginshiƙinta, sa'annan a ga ko mutum biyu masu hali daidai za su samu maki daidai. Sai an haye mataki na uku ne ya halatta a kwatanta makin Bahaushe da na Ba'amurke. Akwai kuma nazarin tambaya ɗaya-ɗaya, wanda ya samo tushe daga ayyukan Georg Rasch na Denmak da Frederic Lord na Amurka, kuma yake gano tambayar da ke nuna wa wani rukuni bambanci. A ɗauki jumlar da ke cewa mutum yana kallon idon wanda yake magana da shi, ko yana faɗin ra'ayinsa a gaban manya ba tare da an tambaye shi ba. A inda aka rubuta su alamun yarda da kai ne, amma saurayin Kano ko Zinder da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai a gaban na gaba zai ce ba haka yake ba, ko da kuwa a cikin tsararsa shi ne mai baki kuma jagora, sai takardar ta rubuta shi a matsayin matsoraci saboda ladabin da iyayensa suka sha wahalar koya masa.

Mai karatu na iya cewa tun da matsalolin sun kai haka, gara a watsar da takardun a koma ga idon manya da shaidar waɗanda suka zauna da mutum. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin shaidar abokan zama hujja ce da masanan kansu suke nema, amma idon mutum ma ma'auni ne, kuma shi ba a cika gwada tsayuwarsa ko ingancinsa ba. A 1954 Meehl ya duba bincike wajen 20 da suka kwatanta hasashen ƙwararru da hasashen lissafi, ya tarar lissafin ya yi daidai da ƙwararrun ko ya fi su a kusan dukkansu. Ganawar ɗaukar aiki da ba ta da tsari tana buɗe ƙofa ga sanayya da ƙabilanci da ruɗin kyan tufafi da iya magana. Fifikon takardar da aka gina da kyau shi ne kuskurenta a rubuce yake, ana iya lissafa shi, ana iya ƙalubalantarsa, ana kuma iya gyara shi, kuma wannan fifiko yana gushewa ne a ranar da aka daina neman alƙaluman.

Hanyar da ta dace ta riga ta samu masu share ta. A ƙasar Sin, Fanny Cheung da abokan aikinta sun gina takarda daga adabi da karin magana da hirarrakin mutanensu, suka buga ta a 1996, kuma wani ginshiƙi na kyautata dangantaka da kiyaye mutuncin juna ya fito wanda Manyan Biyar ba su ƙunsa ba. A Afirka ta Kudu an yi hira da mutum fiye da 1,200 a harsunan hukuma 11 na lokacin, aka nemi su siffanta mutanen da suka sani, kuma siffofin zamantakewa suka fito da ƙarfin da takardun Turai ba su ba su ba. An yi irin binciken ƙamus ɗin a harshen Masai na Gabashin Afirka, da Supyire na Mali, da Khoekhoe na Namibiya. Hausa tana da kayan da za a fara wannan aiki da su a wadace, daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa wanda Jami'ar Bayero ta buga a 2006, kuma tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya zayyana siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wannan jeri hasashe ne da ke jiran gwaji, kuma gwajin yana bukatar a tsamo siffofin daga ƙamus da bakin jama'a, a ba dubban mutane maza da mata, na birni da na karkara, 'yan boko da almajirai, a Najeriya da Nijar, a bar lissafi ya nuna waɗanda ke tafiya tare, sa'annan a gwada makin da shaidar maƙwabta da abokan sana'a. Sassan nazarin halayyar ɗan Adam, da na lissafi, da na harsunan Najeriya a jami'o'in Arewa suna da masanan da za su iya wannan idan suka haɗa hannu.

Kafin a kai ga haka, akwai kariyar da doka za ta iya bayarwa, kuma Afirka ta Kudu ta nuna misali a sashe na 8 na dokarta ta daidaito a wurin aiki ta 1998, wanda ya haramta yi wa ma'aikaci gwajin halayya sai in an tabbatar a kimiyyance cewa gwajin yana da inganci da tsayuwar awo, ana iya amfani da shi bisa adalci ga kowa, kuma ba ya nuna wa wani rukuni bambanci. Duk ma'aikatar da ta shigo da takardar auna hali, ko makaranta, ko asibiti, haƙƙi ne a kanta ta iya amsa tambayoyi huɗu a rubuce: da waɗanne mutane aka kwatanta makin, nawa ne faɗin kuskuren awon, me aka tabbatar makin yana hasashe, kuma an gwada takardar a harshe da al'ummar waɗanda ake aunawa ko ba a gwada ba. Wanda ya kasa kawo waɗannan amsoshi ba shi da hurumin hana wani aiki, ko ƙarin girma, ko laƙaba masa cuta da sunan kimiyya, kuma wajibi ne ƙungiyoyin ƙwararru da hukumomin ƙwadago su mayar da wannan sharaɗi doka mai hukunci.